Yatsa Uku

Na naɗe shi a tsohon buhun taki,
gida biyu, kamar raken da aka karya a gwiwa,
na ratsa ta Rimin Tsiwa da sassafe
tun masu koko ba su gama jera kofuna ba.

Baba Jatau bai tambaye ni komai ba.
Ya ɗaga guntun ya duba a hasken ƙofa,
ya lashi yatsa, ya shafa bakin karayar,
ya ce: Ba ƙashi ya sara ba, ba garkuwa ba.
Wannan hannun yaro ne.

Hannun yaro ne.
Shekarata goma sha ɗaya.
Akwai kwaɗo a adakar Inna,
cikin adakar akwai alewa da kuɗin adashe.
Na taka turmi na sauko da takobin kaka daga ƙusa.
Sara ɗaya.
Kwaɗo yana nan, takobi ya rabu.
Da mahaifinmu ya dawo daga aikin reluwe
Tanimu ya tarar a durƙushe, yana gwada haɗa su.
Tsumagiyar tsamiya uku ta ƙare a bayansa,
ina bayan randa ina ƙirgawa.
Bai faɗi sunana ba ran nan.
Shekara arba'in da ɗaya ke nan,
ba ya faɗinsa sai ta kama dole.

In ado kake so, in ji Baba Jatau,
masu walda na nan Tudun Wada,
su liƙe maka kafin ka shanye shayi,
ka rataye a bango, baƙi su yaba.
In kuwa takobi kake so,
sai ka yarda ya rasa wani abu.

Na ce ya rasa.

Ya zuba gawayin ƙirya.
Jikansa Ɗayyabu ya zauna ga zuga-zugi,
fata na shaƙa, fata na fesarwa,
kamar tsohon da ya hau Kufena da ƙafa.
Tsatsa ta fara zuba ɓawo-ɓawo.
Ya daddale bakunan biyu har suka yi laɓɓa,
ya ɗora wannan kan wancan,
ya barbaɗa rairayin Kubanni a tsakani,
ya mayar wuta.
Ja bai isa ba, ya ce. Ja fushi ne kawai.
Sai ya yi fari, ya fara hawaye,
sannan yake karɓar ɗan'uwansa.

Awartaki ya fizgo, masaba ta sauka,
uwar maƙera ta amsa,
tartsatsi ya huda mini hannun riga wuri biyu,
ban matsa ba.

Kwana uku ina zuwa.
Ran na uku ya tsoma shi, ruwa ya yi tsaki,
ya wasa, ya ƙyasta da farce,
amon ya tafi tun daga mariƙi har tsini bai yi tuntuɓe ba.
Amma ga tabon nan, siriri kamar sawun tsutsa a jiƙaƙƙiyar ƙasa.
Na zura shi a kubensa na da,
ya shige, ya bar sarari a ƙasa, yatsa uku.
Wuta ta ci rabonta, in ji shi. Kawo dubu takwas.

Tanimu na kan keken ɗinki a Gyallesu,
tabarau a karan hanci, zare a baki.
Na ajiye a kan teburin yanka.
Na ce: Ni ne.
Ya ce: Ai ina ganin ƙafarka a bayan randa.

Ya zare, ya bi tabon da babban yatsa
yadda yake bin ɗinkin da wani ya yi.
Ya mayar, ya girgiza kuben kusa da kunne,
ya ji inda babu komai.
Sai ya ture yadi daga kan benci,
ya ce: Zauna, Iro.
Bari in gama wuyan rigar nan,
mai ita zai zo bayan la'asar.